Wace kyamara zan saya in fara ɗaukar hoto don sha'awa?

Tambaya: Ina so in fara ɗaukar hoto, ba don neman kuɗi ba, don sha'awa kawai a ranakun da ba na zuwa aiki. Waya kaɗai gare ni, amma na ɗan tara kuɗi. Wace kyamara zan saya, kuma ta ina zan fara?

Amsa: Ɗan'uwa, kuɗin nan da ka tara ka bar su inda suke tukuna. Ba hana ka sayen kyamara nake yi ba. Za ka saya, kuma zan gaya maka irin wadda za ka nema. Sai dai lokacin sayen yana da alama, wato ranar da za ka iya buɗe baki ka faɗi takamaiman abin da wayarka ta gaza yi maka. "Tsuntsun ya yi mini nisa, da na jawo shi sai hoton ya farfashe." "Yara suna guje-guje da yamma, duk sun fito dishi-dishi." Mai iya faɗin irin wannan ya san abin da zai saya. Wanda bai kai nan ba, duk abin da aka miƙo masa shi zai karɓa, kuma galibi bayan 'yan watanni kyamarar ta koma jaka tana shan ƙura, don hotunanta ba su fi na waya ba. Wani sa'in ma sun fi muni, domin waya tana yi maka gyare-gyare da yawa a ɓoye, ita kuwa kyamara abin da ka ba ta shi take mayar maka.

Abin da za ka fara koya shi ne kallon haske, kuma wannan ba ya cin ko sisi. Nemi ɗaki mai taga wadda rana ba ta shigowa ta cikinta kai tsaye, ka kashe ƙwan lantarki, ka roƙi wani ya zauna maka kamar taku ɗaya daga tagar. Da farko ya fuskanci tagar, kai kuma ka raɓe a gefenta ka ɗauka. Fuskar za ta fito a shafe, haske ko'ina, ba inuwa. Sai ka ce ya riƙa juyawa a hankali har tagar ta koma gefensa, kai kuma ka zuba ido a kan hancinsa. Za ka ga inuwa ta ɓullo daga gefen hancin ta miƙe zuwa kunci, rabin fuska ya haskaka, rabin ya nutse, goshi da haɓa da a ɗazu suke a shafe yanzu sun fito da siffarsu. Duba ƙwayar idon da ke kusa da taga: akwai ɗan farin ɗigo a ciki, tagar ce kanta take ƙyalli. In ɗigon nan ya ɓace, idon zai fito a mace ko da mutumin murmushi yake yi. Yanzu sa wani ya riƙe farar takarda babba ko farin ƙyalle a ɓangaren da ya yi duhu, ya riƙa matso da shi sannu-sannu. A gaban idonka inuwar za ta sassauta. Abin da ake yi da manyan fitilu da laimomi a situdiyo ke nan, ba wani abu daban ba.

Kafin ya tashi, ka ce ya ƙara ja da baya daga tagar, ka ga yadda hasken ke faɗuwa da sauri fiye da yadda ka zata. Ga ƙaramar fitila lissafin a fili yake: in nisan ya ninka biyu, hasken ba rabi yake komawa ba, kashi ɗaya cikin huɗu yake komawa. Shi ya sa 'yar fitilar waya take ƙone fuskar wanda ke gaba ta bar na bayansa cikin duhu. Ni dai shawarata, kashe ta ka manta da ita.

Taushin inuwa ko kaifinta kuwa ya danganta ne da girman inda hasken ke fitowa idan aka kwatanta da abin da ake ɗauka. Rana ƙatuwa ce, amma nisanta ya mayar da ita ƙaramin ɗigo a sama, don haka inuwarta mai kaifi ce, kuma da tsakar rana sai ta cika kwarmin ido da duhu ta sa mutum yamutsa fuska. Ranar da gajimare ya rufe ta, sararin sama gaba ɗaya ya zama fitila, inuwa ta yi laushi. In dole sai ka ɗauki mutum da tsakar rana, kai shi bakin inuwa, ya tsaya a ciki yana fuskantar fili. Sa'a ɗaya bayan fitowar rana da sa'a ɗaya kafin faɗuwarta, hasken yana zuwa ne a kwance, yana fito da kowane tudu da kwari a jikin bango ko ƙasa. Seydou Keïta, wanda ya buɗe wurin ɗaukar hotonsa a Bamako a 1948, kuma a yau ake rataye hotunansa a manyan gidajen adana kayan fasaha na duniya, yawancin aikinsa da hasken rana ya yi shi, a tsakar gida, kuma galibi sau ɗaya yake ɗaukar kowane mutum. Ka nemi hotunansa ka duba inda inuwa ta faɗa a kowace fuska.

Sai lambobin da ke firgita masu farawa. Ita kyamara ɗaki ne mai duhu da 'yar ƙofa a gaba. Ibn al-Haisam, wanda aka haifa a Basra wajen shekarar 965 ya kuma yi aikinsa a Alƙahira, ya yi bayanin yadda haske ke tafiya a miƙe, ya ratsa ƙaramin rami, ya zana abin da ke waje a kife a jikin bangon ciki. Har yau tambayoyi uku ne kawai: yaya faɗin ƙofar, tsawon wane lokaci za ta kasance a buɗe, kuma sau nawa za a ƙara wa hasken da ya shigo ƙarfi.

Faɗin ƙofa shi ne lambobin nan masu harafin f: f/1.4, f/2, f/2.8, f/4, f/5.6, f/8, f/11, f/16. Abin da ke rikita mutane shi ne lambar tana girma ƙofar tana tsukewa, saboda rabawa ake yi. Lensi, wato gilashin da ke gaban kyamara, mai tsawon milimita 50 a kan f/2 ƙofarsa milimita 25 ce. A kan f/8 kuwa ta koma milimita 6 da 'yan kai. Daga kowace lamba a jerin nan zuwa ta gaba, hasken ya ragu da rabi. Ƙofar tana da wani aiki na biyu: in ta buɗe sosai, ɗan siririn wuri ne kawai zai fito tar, sauran gaba da baya su narke, abin da ake so a hoton mutum ɗaya. In ta tsuke, daga kusa har nesa duk su fito. Mutum biyar a layi biyu a kan f/1.8, na baya sun tafi. Ba su f/5.6 ko f/8.

Na biyu shi ne saurin ƙiftawa, kuma babu abin da ya fi bayyana shi kamar wani hoto da Louis Daguerre, ɗaya daga cikin waɗanda suka ƙirƙiro ɗaukar hoto, ya ɗauka a 1838 na wani babban titi a birnin Faris. Titin na mutane ne da kekunan doki, amma a hoton fayau yake kamar an yi shara, domin an bar ƙofar a buɗe na mintuna, duk abin da ke motsi bai tsaya wuri ɗaya ba balle ya bar alama. Wanda ya fito shi ne wani mutum a kusurwa da ya ɗora ƙafa ana goge masa takalmi, shi ma don ya daɗe a tsaye ne. Abin da ke faruwa da yaranka masu gudu da yamma ke nan, a ƙaramin ma'auni. Mai tafiya a ƙasa yana son wajen 1/250 na daƙiƙa, yaro mai gudu 1/500, tsuntsu a sama 1/1000 ko fiye. Ban da motsin abin da kake ɗauka, akwai rawar hannunka. Tsohon ma'aunin masu hoto shi ne kada ka sauka ƙasa da ɗaya bisa tsawon lensinka: mai milimita 50, kada ka gaza 1/50, mai milimita 200, kada ka gaza 1/200. Ka manne gwiwar hannu a jikinka, ko ka jingina da bango.

Na uku ISO, wato lambar ƙarfin da ake ƙara wa hasken da ya shigo. A 100 ko 200 hoto yana fita sumul. In ka ɗaga zuwa 3200 ko 6400 za ka iya ɗauka a wuri mai duhu, amma sai hoton ya yi tsakuwa-tsakuwa. Masu farawa suna jin tsoron wannan fiye da kima, har su bar ƙiftawa ta yi jinkiri don kada su ɗaga ISO. Kuskure ne. Hoto mai 'yar tsakuwa wanda ya fito tar ana iya amfani da shi, ana ma iya rage tsakuwar daga baya. Wanda motsi ya ɓata ya tafi ke nan.

Ukun nan musaya suke yi da juna. f/8 da 1/125, f/5.6 da 1/250, f/4 da 1/500, duk haske ɗaya suke shigarwa, amma hoto uku ne daban. In kana son ka gwada kanka ba tare da na'ura ta taya ka ba, a rana tsaka mai ƙarfi sa f/16, ka daidaita ƙiftawa da lambar ISO, wato ISO 100 da 1/100 ko 1/125, za ka ga ya yi kusa da daidai. Za ka haɗu da masu cewa wanda bai saita komai da hannu ba bai iya hoto ba. Kada ka saurare su. Juya maɓallin zaɓen yanayin ɗauka da ke saman kyamara zuwa A, ko Av a kyamarorin Canon, ka zaɓi faɗin ƙofa da kanka, ka bar kyamara ta zaɓi sauri, kai dai ka riƙa leƙa lambar da ta zaɓa. Ƙwararru da yawa haka suke aiki. Yawancin wayoyi ƙofarsu ba ta canzawa, amma da dama suna da sashen da zai ba ka damar taɓa sauri da ISO, kuma ya isa ka koyi biyu daga cikin ukun.

Akwai wani hali na kyamara da ya kamata ka sani tun yanzu. Ma'aunin haskenta bai san abin da ke gabansa ba. Ƙoƙarinsa kullum ya mayar da komai tsaka-tsaki, ruwan toka. Nuna mata farin bango, ta rage haske ya fito toka-toka. Nuna mata baƙin ƙyalle, ta ƙara haske shi ma ya fito toka-toka. Saboda haka in mutum mai duhun fata ya sa fararen kaya, ko ya tsaya sararin sama na bayansa, sai ta bi farin ta bar fuskar ta nutse. Maganin yana wurin maɓallin nan mai alamar +/-: ƙara ɗaya, ka duba. A waya kuwa taɓa fuskar a kan allo, ka ja alamar ranar da ta fito sama ko ƙasa. Amma ka lura da farin, domin wurin da ya ƙone ya zama fari fat babu abin da ya rage a cikinsa da za a ceto, alhali inuwa ana iya ɗago ta. In abin ya gagara, mutumin za ka matsar zuwa inda haske ke dukan fuskarsa.

Maganar tsara hoto ba zan ja ta ba, don ido ne ke koyonta. Kafin ka danna, zagaya gefuna huɗu na allon da idonka, ka ga ko akwai sandar lantarki da ta tsiro daga kan mutum, ko rabin hannun wani da ya leƙo. In yaro za ka ɗauka, durƙusa ka daidaita da idonsa. Layukan nan da ke raba allo gida tara suna taimakawa da farko, amma ba doka ba ce. Abu ɗaya da ya shafi waya: babban lensinta mai faɗin gani ne, daidai da wajen milimita 24 zuwa 26, shi ya sa kake matsawa dab da fuska don ta cika hoton, hanci ya kumbura kunnuwa su shige. Laifin kusanci ne. Ja da baya taku biyu ko uku ka danna 2x. Kuma ka riƙa goge gilashin. Rabin hotunan waya masu hazo maiƙon yatsa ne.

To, in ranar sayen ta zo. Kada adadin megafiksel ya ruɗe ka. Hoto mai megafiksel 12, wato ɗigo 4000 a tsaye 3000 a kwance ko akasin haka, ana wanke shi da kyau sosai har wajen santimita 34 da 25, ya zarce takardar A4. Abin da ya raba kyamara da waya shi ne girman farantin da ke karɓar haske, wanda ake kira sensa, da kuma damar canza lensi. Babbar sensa milimita 36 da 24 ce, girman tsohon fim. Mai bi mata, APS-C, wajen 23.5 da 15.6 ce, kuma ko ita ta ninka ta yawancin wayoyi sau da yawa. APS-C ɗin nake ba ka shawara: ta fi sauƙin kuɗi, ta fi sauƙin ɗauka, lensinta ma haka. Nauyi ba ƙaramin abu ba ne, don kyamarar da ke gajiyar da wuya a gida ake barinta.

Kuma ka sayi ta hannu. Tun da Canon da Nikon suka fito da sababbin kyamarorinsu marasa madubi a ciki a 2018, mutane da yawa suka sayar da tsofaffin DSLR ɗinsu, wato masu madubi a ciki, lafiya lau, kuma ga mai koyo ba abin da suka rasa. Canon, Nikon, Sony, Fujifilm, duk wadda ta zauna maka a hannu kuma kake iya samun batirinta da lensinta, ita ce taka. Gardamar wace ta fi wace ka bar wa masu lokaci. Amma ka duba ta da kyau kafin ka biya. Tambayi sau nawa aka danna ta, domin ƙananan DSLR galibi an ƙiyasta musu wajen dannawa 100,000. A wasu adadin yana cikin bayanan da ke maƙale da kowane hoto, wasu sai da manhaja. Sa f/16 ka ɗauki farin bango, ka buɗe hoton ka faɗaɗa: baƙaƙen ɗigo ƙura ce a kan sensa, ana gogewa, amma layi ko karce matsala ce. Cire lensin, ka haska tocila ta bayansa ka leƙa ta gaba. 'Yar ƙura ba komai, kowane tsohon lensi yana da ita. In ka ga wasu fararen zare-zare sun yi rassa a jikin gilashin daga ciki, fumfuna ce da danshi ya haifar, ajiye shi ka yi gaba. Naka ma in ka saya, kada ka kulle shi a jaka a wuri mai laima.

Yawancin kyamarorin nan suna zuwa da lensi mai zum, wanda ake jawowa daga milimita 18 zuwa 55. Ba shi da laifi, ka riƙe shi. Amma sauran kuɗin ka sa a lensi mara zum, mai milimita 35 ko 50 da f/1.8. Dalili: wancan in ka jawo shi zuwa 55, iyakar buɗewarsa f/5.6, shi kuwa f/1.8 yana shigar da haske kusan ninki goma. A nan ne za ka ga abin da waya ba ta iya ba, a ɗaki da yamma ba tare da fitila ba. Kuma tunda ba ya jawowa, ƙafarka ce za ta yi aikin, ka koyi inda ya kamata ka tsaya. In Nikon ka ɗauka daga jerin D3000 ko D5000, ka tabbata lensin mai rubutun AF-S ne, don tsohon lensi mai harafin D ba ya saita kansa a kansu, sai da hannu. Ƙarin batir ɗaya da memori biyu sun ishe ka. Sanda mai ƙafa uku sai in hoton dare ko taurari ya ja ka.

Rabin aikin yana bayan an dawo gida. In ka ɗauki hoto ɗari, zauna ka fitar da biyar, ka tambayi kanka me ya sa waɗannan, me ya kashe sauran, ka duba lambobin da aka ɗauki kowanne da su. A nan ake koyo, fiye da wurin dannawa. In kyamararka tana ajiye RAW, wato ɗanyen hoton da ba ta sarrafa ba, gwada shi: JPEG, hoton da aka saba da shi, yana riƙe matakin haske 256 ne a kowane launi, RAW kuwa 4,096 ko 16,384, don haka ya fi jure gyara. Akwai manhajoji na kyauta, darktable da RawTherapee a kwamfuta, Snapseed a waya. Ka yi gyara da sauƙin hannu. Fatar da aka goge har ramukan gashi suka ɓace, da sararin saman da aka cika wa shuɗi, daga nesa ake gane su.

Abin da ke kashe sha'awar mutane ba rashin kaya ba ne, rashin abin ɗauka ne. Bayan wata biyu sun gama da furanni da faɗuwar rana, sai su tsaya. Zaɓi abu ɗaya da kake iya komawa gare shi kullum, ƙofofi, hannayen masu sana'a, bishiya ɗaya a lokuta daban-daban na shekara, ka lizimce shi. J. D. 'Okhai Ojeikere, mai ɗaukar hoto ɗan Najeriya, ya fara da ƙaramar kyamarar Brownie a 1950, a 1968 kuma ya soma ɗaukar salon gyaran gashin mata, ya yi ta yi shekara da shekaru har suka kai wajen hoto dubu, yawancinsu daga baya ko daga gefe, bango fayau. Kowane hoto a cikinsu kyakkyawa ne, amma tarinsu ne ya zama abin da duniya ta san shi da shi.

In mutane za ka ɗauka, nemi izini, ka nuna musu abin da ka ɗauka, wanda ya ce a goge ka goge ba musu. Yaran wasu sai da yardar iyayensu, kuma izinin ɗauka daban, izinin sakawa a intanet daban. A ƙasashe da yawa doka ta hana ɗaukar wuraren soja da wasu gine-ginen gwamnati, ka san ta inda kake. Ka kuma sani waya tana iya liƙa wa hoto ainihin wurin da aka ɗauke shi, don haka ka kashe wannan in a gida kake ɗauka.

Memori yana mutuwa ba sallama, waya tana ɓata. Duk hoton da kake ji da shi ya kasance a wuri uku, ɗaya daga ciki ba a gidanka ba, ko a ma'ajiyar intanet ko a faifan da ka ba wani ajiya. Waɗanda suka fi kyau kuma ka riƙa kai su a wanke maka a takarda, don a nan ne kurakuran da ƙaramin allo ke ɓoyewa suke fitowa. Na farko za su zo maka da duhu fiye da yadda ka gani a allo, saboda allo haske yake fitarwa, takarda kuwa sai wanda ya faɗo mata. Rage hasken allonka zuwa wajen rabi kafin ka yi gyara, ka fara wanke ƙarami ɗaya ka gwada, sannan ka ba da manyan.